Ranar da Malam Tankari Ya Naɗe Kansa da Salatif

Idan an taɓa aiko maka da kaya daga Guangzhou, kwalin ya iso a naɗe da salatif ruwan ɗorawa kamar an yi masa rawani, ga jan rubutu ya bi ta kan naɗin daga wannan kusurwa zuwa waccan, to hannun Malam Tankari ya taɓa shi. Jan rubutun nan ba mai iya karanta shi. Shi kansa Tankari bai iya ba, sa hannunsa ne kawai. Amma in wani ya ɓare salatif ɗin a hanya ya mayar, rubutun ba zai sake haɗuwa daidai ba, kuma Tankari zai gane ko a hoto aka turo masa.

Mutumin Maraɗi ne. A tashar motar garinsu ya fara sana'a, ɗaurin kaya a kan rufin mota. Direbobi suna cewa in Tankari ya ɗaure maka buhu, motar za ta iya kifewa amma buhun yana nan inda yake. Wani ɗan kasuwa ne ya ga aikinsa ya ɗauko shi zuwa ƙasar Sin don ya riƙa haɗa masa kaya. Ɗan kasuwar ya gaji ya koma gida, Tankari ya zauna. Yanzu yana da wani lungu a benen Tianxiu, inda shagunan mutanenmu suke: teburi ɗaya, kujera ɗaya, sai tulin salatif har rufi. Gidansa kuwa a unguwar Sanyuanli yake, hawa ɗaya da namu, kuma bangon gidajen nan ba ya riƙe sirrin kowa.

Halin Tankari na farko, bai yarda da alkawarin baki ba, da salatif ya yarda. Flas ɗin shayinsa a naɗe yake. Kwalbar turarensa a naɗe. Gwangwanin sukari kuwa naɗi biyu yake sha, saboda Maidaji, maƙwabcinsa mai sarin takalma, wanda ke shigowa gaisuwa da kofinsa a hannu da cokali a aljihu.

Hali na biyu, kunya. Zafin Guangzhou ya san kowa. Da rana ta take, tsofaffin Sinawa nannaɗe riga suke yi har hammata su bar tumbi yana shan iska a bakin titi. Tankari kuwa jallabiya, ƙarƙashinta riga, ƙarƙashinta wando mai zariya, ga safa. Ba wanda ya taɓa ganin ƙwaurinsa. In za a yi alwala, famfon ƙarshe yake nema, na jikin bango, ya juya wa jama'a baya kamar mai cin wani abu a ɓoye.

Matarsa Fasuma tuwo da miyar kuka take dafa wa 'yan kasuwa, ana zuwa a karɓa a kula. Duk gidan nan abu ɗaya ne Tankari ya kasa naɗewa, shi ne bakinta.

Sai Allah ya haɗa shi da suruki. Ɗiyarsu ta fari, Saffana, ta auri wani yaro Bakano mai suna Musaddiq, ɗalibin likitanci a wata jami'a ta garin. Yaron kirki, siriri, mai gilashi. Daga ranar ɗaurin aure wata sabuwar kunya ta sauka a kan tsohuwar. Tankari dama ba ya faɗin sunan ɗiyarsa ta fari, "yarinyar nan" yake cewa, sai Musaddiq ya zama "yaron nan". Ba su taɓa cin abinci a faranti ɗaya ba. In suka haɗu a matakalar bene, Musaddiq sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, har wata tsohuwar Basiniya ta hawa na ƙasa ta taɓa tsugunawa gefensa tana taya shi neman abin da ta zaci ya yar. In lif ya buɗe a Tianxiu ɗaya yana ciki, ɗayan sai ya tuna ya manta wani abu a baya.

Haka ake zaune lafiya, sai ciwo ya zo. Tankari ya fara jin suka a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, musamman in ya ci miya mai maiƙo. Ya sha kanwa, ya sha jiƙe-jiƙen da aka aiko daga gida, ya ce sanyin na'ura ne. Ranar da ciwon ya durƙusar da shi a kan wani kwali a Tianxiu, Fasuma ta ce ya isa. Aka kai shi asibitin koyarwa inda Musaddiq ke koyon aiki, don can ne ake da wanda zai yi tafinta. Aka haska cikinsa, aka ce tsakuwa ce ta taru a matsarmama, sai an yi tiyata an cire. Za a yi masa allurar barci, ba zai ji komai ba.

Tankari bai ji tsoron wuƙa ba. Mutumin da ya sha faɗowa daga rufin mota, wuƙar me? Ya ma fara yi wa mutane fahari. Har sai da yammar nan da ake shan shayi a wani shago bayan titin Huanshi Lu, Maidaji ya ɗaga wayarsa.

"Sarkin ɗauri, matso ka ji. Wannan naka ne."

Saƙon murya ne da ke yawo a zauren 'yan kasuwa na waya. Wani mutum mai muryar masu wa'azi yana bayani cewa a wasu asibitocin ƙasashen waje, in aka sa majinyaci barci, ana kawo ɗalibai su koyi duba al'aura a jikinsa ba tare da an tambaye shi ba, mace ko namiji. Ya ce a Amurka abin ya kai har sai da jihohi da dama suka yi doka, cewa dole a nemi izinin mutum tun yana farke.

"Amurka ya ce," in ji Tankari. "Nan ba Amurka ba ce."

"Ai ɗalibi ɗalibi ne ko'ina," in ji Maidaji yana zuba sukari a kofinsa. "Kai kana can kana munshari, su kuma sun yi layi da safar hannu. Na gaba ya duba ya matsa, na baya ya matso." Ya kurɓa, ya ɗaga ido sama kamar mai tunani. "Af, wai a wane asibiti ma yaron nan naka yake koyon aiki?"

Aka fashe da dariya. Wani har ya ƙware. Tankari ya ajiye kofinsa bai shanye ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Daga ranar hoton ya ƙi fita daga kansa. Ga shi kwance shame-shame ba riga ba wando, ga layi, ga siririn yaro mai gilashi a gaban layin. Yaron da ke tuɓe takalmi ya durƙusa masa a matakala! Ina zai sake sa fuskarsa? Da wane ido zai karɓi gaisuwar salla? Ya yi tunanin fasa tiyatar, sai ciwon ya soke shi kamar yana saurare.

Abin da ya kamata shi ne ya tambaya, kuma ya san haka. To da wane baki? Sinancin Tankari na kasuwa ne: lawban, wato maigida, meyo, wato babu, sai shiye-shiye na godiya. Da waɗannan ukun ya cika kwantena ba adadi, amma ba a tambayar irin wannan da su. Tafinta kuwa shi ne mutum na ƙarshe a duniya da zai iya yi wa maganar.

Ya gwada wayarsa, mai juya magana zuwa Sinanci. Ya shiga banɗaki ya kulle ƙofa, ya share murya, ya fara da faransancinsa na tasha. Wayar ta amsa da muryar mace, mai taushi kuwa. Tankari ya kife ta a kan kayan wanki, ya ce astagfirullah.

Ranar ganin likita kafin tiyata ta zo. Likitar mace ce, Dakta Lin, 'yar gajeruwa mai furfura kaɗan. Ta sa kujeru biyu a gabanta. Tankari ya juya tasa ta kalli taga, Musaddiq ya juya tasa ta kalli ƙofa. Likitar ta dube su, ta tambayi Musaddiq ko faɗa suka yi. Ya ce a'a, girmamawa ce. Ta yi bayani mai tsawo, Musaddiq yana juya maganar yana kallon rufi. Duk abin da ya shafi sama da cibiya ya faɗa dalla-dalla. Da bayani ya gangaro ƙasa sai muryarsa ta shige cikin rigarsa, ya ce, "Da... da sauran abubuwa dai, Baba."

Sauran abubuwa! Ashe Maidaji ya yi gaskiya.

"Baba, ta ce ko akwai tambaya."

Tambayar tana bakinsa, har ta taɓa haƙori. Ya dubi taga ya ce, "Babu."

A hanyar gida ne dabara ta zo masa. Shi da ya tsare kayan mutane daga nan har Maraɗi, ta teku da mota da hannun 'yan dako, zai kasa tsare kansa na ɗan lokaci? Tiyata a ciki za a yi, sama da cibiya. Abin da ke ƙasa ba ruwan kowa da shi. In ba ruwan kowa da kaya, naɗe su ake yi a sa hannu.

Da safiyar ranar tiyata ya idar da salla, ya shiga ɗaki da salatif sabo fil. Ya sa gajeren wando, ya sa dogo, ya ƙara wani a kai. Ya fara naɗi daga ƙasan cibiya, rabi a kan wando rabi a kan fata don kada a zame. Ya zagaya ƙugu, ya ratsa ta tsakiya, ya dawo ta cinya, yadda yake yi wa kwalin tangaran. Ƙarar salatif ta cika gidan. Fasuma ta turo ƙofa da ludayi a hannu, ta tsaya.

"Malam, wa zai karɓe ka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano?"

"Ke, ban son wargi. Riƙe alƙalamin ga ki ja mani layi ta baya, hannuna bai kai."

"Ni? In an tambaya wa ya yi wannan aiki a ce har da ni? Wallahi ba da ni ba."

Dole ya buga wa Maidaji bango. Maidaji ya shigo, ya gani, ya fita ya jingina da ƙofa har sai da hawayensa suka tsaya, sannan ya dawo da fuskar ta'aziyya ya karɓi alƙalamin. Ya ja layin, ya kuma ƙara wani zane ƙarami a ƙasa, bai faɗa wa kowa ba.

Sai da aka zo shiga tasi aka gane kwali ba ya zama. Tankari ya gwada lanƙwasawa, salatif ya ce bai san zancen ba. Aka tura shi ta kai ya kwanta a kujerar baya, ƙafafu a miƙe, Fasuma ta zauna gaba. Direban ya yi ta leƙen madubi yana gudu, ya zaci mutumin ya kusa cikawa.

A asibiti wata nas ta kai shi bayan labule, ta miƙa masa rigar tiyata, ta nuna da hannu cewa ya tuɓe komai. Tankari ya tuɓe jallabiya da riga, ya sa tasu, ya hau gado a miƙe kamar katako. Nas ta dawo ta ɗaga gefen rigar don ta duba cikin. Ta ga ruwan ɗorawa. Ta ga jan rubutu. Ta ɗan tura shi gefe, ta ga layin Maidaji da ƙaramin zanen kofi da kibiya tana kallon sama, irin wanda ake yi wa kaya masu fashewa.

Ta yi magana da sauri. Tankari ya ɗora hannu a kan naɗin ya ce, "Meyo."

Ta kira wata nas. Waccan ta kira ta uku. Ta ukun ta ruga ta kira Dakta Lin. Dakta Lin ta zo ta duba, ta cire gilashinta ta goge ta mayar, sannan ta ba da umarnin da Tankari ya gane ko ba tafinta, don ya ji sunan a ciki: a kira Musaddiq.

Wato abin da ya naɗe kansa don gudunsa, naɗin ne ya kirawo shi. Tankari ya ja bargo har hanci.

Musaddiq ya iso yana haki. Da aka faɗa masa abin da ke bayan labulen, sai ya tsaya daga waje, ya juya wa labulen baya don ƙarin tabbaci, ya tuɓe takalmi.

"Baba, ina kwana. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau," in ji bargo.

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

"Baba, ta ce... wai ta ce me ya sa."

Likita tana jira, nas uku suna jira, ana ta wucewa da gadaje a baranda. Tankari ya rufe ido yana fatan a yi masa allurar barcin tun yanzu.

Fasuma ce ta miƙe. Ita ma fa surukar yaron ce, ita ma ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Amma ta ajiye kunyar a kan kujera tare da jakarta, ta tsaya a bakin labule, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

"Kai yaro, buɗe kunnenka, sau ɗaya zan faɗa. Ka ce mata mijina tsoro yake ji. Ya ji an ce in mutum ya yi barci ana buɗe tsiraicinsa a kawo ɗalibai su koyi aiki a kai, ba a tambaye shi ba. Kuma ya fi tsoron a ce kana cikinsu. Faɗa mata haka, kada ka rage ko kalma."

Bargo ya yi nishi. Musaddiq ya dafa bango. Da ƙyar ya juya maganar, kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

Dakta Lin ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai kan Tankari, ta yi magana a hankali, tana tsayawa don tafinta ya bi ta. Wannan karon Fasuma tana tsaye a kansa, ba halin ya ce "da sauran abubuwa".

Likitar ta ce ƙananan huji za a yi a cikinsa, a zura abin gani, a cire matsarmamar. Ta faɗi waɗanda za su kasance a ɗakin da aikin kowanne. Ta ce ita ba ta barin a duba wani wuri a jikin majinyacinta don koyo sai ya yarda da bakinsa yana farke, kuma in ya ce a'a, tiyatarsa ba za ta ragu da komai ba. Abu ɗaya ne ya shafi ƙasa: wani lokaci aiki kan yi tsawo a buƙaci sa robar fitsari. Wannan ne ta yi bayani a ranar farko, ta zaci an faɗa masa.

"Shi ne sauran abubuwan?" in ji Tankari, ya sauke bargon zuwa haɓa.

"Shi ne, Baba. Na kasa faɗa ne."

"In ta kama, wa zai sa?"

Aka tambaya. Ta ce in yana son namiji, namiji zai sa, a ƙarƙashin mayafi.

"To shi fa?" Tankari ya nuna labule da haɓa.

Nan ne Dakta Lin ta yi murmushi. Ta faɗi wani abu, tafinta ya ƙi juya maganar. Fasuma ta ce, "Kai!" Sai ya fito da shi guntu-guntu. Ashe tun ranar da aka sa ranar tiyata yaron nan yake bin likitar yana roƙo kada a sa shi ko kusa da ɗakin. Ta gaya masa dama ba ta shigar da dangi, bai natsu ba, ya sake dawowa, ya sake dawowa, har ta tura shi sashen ƙashi a wani bene daban don ta huta.

"Shi ya sa yarinyar nan ta ce ba ka cin abinci?" in ji Fasuma ga Musaddiq. "Ku biyu kun rame a kan abu ɗaya, kowa yana kallon bangonsa. Allah ya shirye ku."

Da Tankari ya ji ashe da gaske tambayarsa ake yi, sai ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka. Ya tambaya ko akwai ɗaliban da ke son kallo. Aka ce akwai, a allon talabijin za su ga cikin, in ya yarda. Ya yi lissafi. Yaran mutane ne, karatu suka zo, kamar dai wani da ya sani.

"Su kalla. Daga cibiya zuwa sama. Hannu a aljihu. Kuma duk wanda ya iya amsa ina kwana, kada ya shigo."

Likitar ta amince. Aka rubuta sharuɗɗan yadda ya faɗa, ya ja jan sa hannunsa a kai daga kusurwa zuwa kusurwa. Sannan ta nuna salatif ɗin ta ce wannan fa sai ya fita, ko ya yarda a cire? Tankari ya ji daɗin tambayar ƙwarai. Ya ce ya yarda, amma kowa ya fita, a kawo namiji.

Aka kawo wani ƙaton nas da almakashi. Wandunan ba su ba da wahala ba. Matsalar ita ce rabin nan da ke kan fata. Tankari mutum ne mai gashin ciki, kuma salatif ɗinsa ba irin na banza ba ne, shi da kansa yake zaɓo mai ƙarfi. Mutanen da ke baranda sun ji kalmar shahada da wata murya da ba su san yana da ita ba. Musaddiq ya ɗauki takalmansa a hannu ya gudu sashen ƙashi.

Kafin a tura gadon, aka bar shi da Fasuma su kaɗai. Tana ninke jallabiyarsa, ba ta dube shi ba ta ce, "Ka ji daɗi, an tambaye ka."

"Ai haƙƙina ne," in ji Tankari, wanda bai daɗe da sanin haka ba.

"Lokacin da aka yi mani tiyatar haihuwar autanmu a gida, kai aka tambaya. Ka dangwala yatsa ka tafi masallaci. Na farka na ga samari sun kewaye ni da fararen riguna, mayafina a yaye, ana nuna musu jikina da alƙalami. Ba wanda ya ce mani ko sannu, balle ya tambaye ni."

Tankari ya buɗe baki.

"Ba ki taɓa gaya mani ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Aka zo aka tura gadon. Yana kallon fitilun rufi suna wucewa, kuma ba layin ɗalibai yake gani ba, Fasuma yake gani tana yarinya, kwance, tana laluben mayafi.

Da ya farka, abin da ya fara yi shi ne laluben ƙasa. Bargo a soke tam ta kowane gefe. Nas ɗin nan ƙato ya girgiza masa kai ya ce meyo, wato ba a ma buƙaci robar ba. Sai ya leƙa cikinsa. Ga ƙananan filasta farare a kan hujin, kuma a kan kowanne an ja jan rubutu daga kusurwa zuwa kusurwa, rabi a filasta rabi a fata. Dakta Lin ce ta aro alƙalaminsa. Tankari ya daɗe yana dubawa da idon gwani. Duk layukan sun haɗu.

"Matar ga ta iya aiki," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Salatif ɗinsu ne dai bai da ƙwari."

Daga can bayan ƙofa wata siririyar murya ta ce, "Baba, sannu da jiki."

"Yauwa. A ce ma yaron nan ya tahi ya ci abinci."

Har yau ba su ci a faranti ɗaya ba, kuma lif ɗin Tianxiu bai taɓa ɗaukarsu tare ba. Sunan Kwali kuwa, da aka laƙaba masa tun ranar, ya bi Tankari, har 'yan dako Sinawa sun iya faɗa. Amma duk ɗan kasuwar da za a yi wa tiyata a garin nan, lungunsa yake zuwa neman shawara. Tankari sai ya gyara zama ya ce a tambayi wa zai shiga, me za a taɓa, me ba za a taɓa ba, kuma a tambaya tun ido biyu. In mutum ya ce kunya yake ji, sai ya ce a ara masa Fasuma.

Bayan salla Fasuma ta je ganin likitar mata. Tankari ya raka ta, Saffana ta yi tafinta da Sinancin da ta tsinta wurin mijinta. Da aka zo maganar dubawa, Saffana ta juyo wajen ubanta bisa sabo. Tankari ya ɗaga hannu biyu.

"Mi kike kallona? Jikina ne? Ga mai shi nan, a tambaye ta."

Ya fita ya zauna a baranda da jakarta a cinya. Fasuma ta ce ya yi kyau da jakar.

Gwangwanin sukari dai yana nan da naɗinsa biyu. Tankari ya ce ranar da Maidaji ya koyi tambaya kafin ya sa cokali, zai cire.